Dasa Itatuwan Marmari a Gidajen Kano: A Fara da Ruwan da Ke Fita Kwata

Duk damina sai an dasa itatuwa a Kano. Makarantu su dasa, ƙungiyoyi su dasa, a ɗauki hoto, a watse. Je ka duba wurin a watan Afrilu, busasshiyar sanda za ka tarar, in ma akuya ba ta gama da dashen tun da kaka ba. Laifin ba na ƙasa ba ne. Ƙasar da ta ɗauki rimi da kuka da tsamiya ba za ta gaza ɗaukar gwaiba ba. Matsalar ita ce ruwan samanmu na wata huɗu ne zuwa biyar, daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa a Agusta. Sauran watannin sai hunturu mai fasa leɓe, sannan bazara da zafinta ke haura digiri 40. Dashen da bai samu wanda zai ba shi ruwa ya kuma tsare shi daga dabbobi a rani biyu na farko ba, da wuya ya kai labari.

Shi ya sa zuwa wurin mai sayar da dashe ba shi ne farkon aiki ba. Farkon aiki shi ne ka san inda ruwan itacen zai fito a watan Maris, da wanda zai riƙa zuba shi.

Bi sawun ruwan gidanka

Ɗauki yini guda ka lura da duk ruwan da ke fita ta makwararar gidan zuwa lungu. Ko gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, in mutanen cikinsa sun kai takwas, abin da suke zubarwa a rana ya isa ya rayar da ƙananan itatuwa uku ko huɗu. Ruwan nan an riga an biya kuɗinsa, kuma a yanzu ba abin da yake yi sai kwanciya a kwata, yana haifar da sauro da faɗa da maƙwabta.

Sai dai ba duka ake ba itace ba. Ruwan alwala, da na wankin shinkafa da kayan miya, da ɗaurayar ƙarshe ta wanki, waɗannan a juye su a gindin kowace bishiya hankali kwance. Ruwan wanka mai sabulu ma itace na karɓa, amma ya bi ta ƙarƙashin busasshen ganye ya nitse, kada ya taɓa abin da ake ci ɗanye irin su latas da lansir. Ruwan wanki na farko, mai kumfar omo ko bilic, shi ne abin gudu. Gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa a hankali, sai ka ga bakin ganye na ƙonewa, kuma lemo ne kan fara nunawa. Na wanke-wanke mai maiƙo a tace shi da tsohon buhu kafin a zuba, in ba haka ba ya toshe ƙasa ya gayyato ɓera da kyankyaso. Ruwan masai da na wankin kashin yara kuwa ba sa cikin lissafi sam. Duk ruwan da aka yi amfani da shi kada ya kwana a bokiti, yini ɗaya ya ishe shi ya fara wari.

Ga kuma rufin kwano. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Kano kan samu wajen milimita 800 a shekara, wata shekarar ya fi, wata ya gaza. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100 yana zubar da lita 80,000, wato jarka 3,200 mai cin lita 25. Ko kashi ɗaya cikin biyar ya salwanta, abin da ya rage ba kaɗan ba ne. A sa bututu a bakin indararo ya sauka cikin duro ko tanki mai murfi, a bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce kafin a fara tara.

Amma kada a ruɗi kai, tankin lita 1,000 ba zai kai ka ko tsakiyar hunturu ba. Wurin da ya fi kowane tanki riƙe ruwa shi ne ƙasar tsakar gidanka, wadda muka bi muka shafe da siminti da intalok. Kududdufan da ke shanye ruwan birni an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, tsakar gida kuma an toshe, shi ya sa ruwan awa ɗaya ke mayar da lungu rafi. Ka fasa simintin, ko da mita 1 da rabi ne ta kowane gefe, ka karkato ambaliyar tankin ta sauka a nan. In ginin ƙasa ne irin na cikin birni, wurin nitsewar ruwan ya yi nesa da gindin katanga da aƙalla mita 3.

Wannan tsari na haɗa ruwan gida da shara da itace da dabba su riƙa ciyar da juna shi ake kira famakalca, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka tsara a Ostareliya a shekarun 1970. Manoman karkarar Kano sun daɗe a kai. Jakuna su shigo da itacen girki birni su koma gona da mangalar taki, a kuma bar gawo a tsakiyar gona domin da damina yake kaɗe ganyensa, ya bar wa hatsi rana ya kuma ba shi taki.

Wane itace, a wane wuri

Tsaya a tsakar gida da la'asar ka ga katangar da rana ta fi duka. Ta yamma ce, kuma ita ce ke riƙe zafi ta hana mutane barci har tsakar dare. Inuwa a wannan ɓangaren ta fi amfani. Daga nan ɗaga kai ka duba wayar wuta, ka kuma tuna inda bututun ruwa da sokawe suke a ƙasa.

Kowa mangwaro yake so, kuma a nan ake yawan cin karo. Mangwaro babban itace ne, yana buƙatar mita 6 tsakaninsa da gini ko sokawe, fiye da haka ma in an samu. Wanda ya cika fili ƙafa 50 a 50 da ɗakuna, kamar yadda aka saba a unguwannin awon igiya, ya haƙura da shi a cikin gida. Mai sarari ya nemi irin mangwaron da ake kira juli, domin ba ya yin tsawo da faɗi kamar sauran.

Ƙaramin gida na gwaiba ne da lemun tsami da rumman, a ba kowanne mita 2 zuwa 3 daga katanga. Gwaiba ba ta da tsirfa, ta fi lemo jure ruwan sabulu, kuma cikin shekara 2 zuwa 3 take fara 'ya'ya. Rumman ya fi su jure ƙishi. Gwanda da zogale kuwa mita 1 ya ishe su. Gwanda na yin 'ya'ya kafin shekara ta zagayo, zogale ana fara tsinkar ganyensa cikin 'yan watanni. Ni a ganina kada gida ya fara ba tare da waɗannan biyun ba, domin su ne ke sa uwargida da yara su ga ribar ɗaukar bokiti da wuri, kafin manyan itatuwan su kawo ƙarfi.

Dabino yana yi a Kano, amma akwai namiji akwai mace, kuma wanda ya tsiro daga ƙwallo ba ka sanin ko wane ne sai ya yi fure bayan shekaru. A nemi ɗan da aka cire daga gindin macen da aka san daɗin 'ya'yanta, a kuma shirya yi mata barbara da hannu in ta buɗe fure. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, na da tashar binciken dabino a Dutse. Kuka ma ana iya shigo da ita gida ba tare da ta zama dodon tsakar gida ba: a jiƙa 'ya'yanta a ruwan zafi su kwana, a shuka kusa da kusa a fangali, a riƙa yanke kanta a daidai ƙugu ana cin ganyen. A Mali haka wasu masu lambu ke yi.

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Shekarar farko itace uku ko huɗu sun isa.

A wurin mai dashe

Mangwaro da lemo a sayi masu aure, wato waɗanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani dashen. Mai aure na fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, irin 'ya'yan uwarsa sak. Na ƙwallo kan kai shekara 6 ko 8, kuma ba lalle ya biyo uwar ba. Kada ka tsaya a kan maganar mai sayarwa, ka duba da idonka: mai aure yana da tabon haɗi a jikin karan, kamar taƙi ɗaya daga saman ƙasar ledar. Kada ka zaɓi mafi tsawo a cikin jerin. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe ko ta huda ƙasa, in aka tumɓuke shi sai ya daɗe yana jinya. Daga gwiwa zuwa ƙugu ya isa. Juya ganyen ka duba bayansa, in ka ga farin abu kamar auduga ka ajiye, kada ka kai wa gidanka ƙwari da kuɗinka. Mai son sahihin iri ko ƙarin shawara ya tuntuɓi tashar cibiyar binciken kayan lambu da na marmari ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda, ko malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jihar Kano, KNARDA, ko Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero.

Rami da taki

A haƙa rami tun watan Mayu, kafin ruwa ya zauna: santimita 60 faɗi, 60 tsawo, 60 zurfi, wato kusan ƙafa 2 ta ko'ina. Ƙasar cikin gari ba irin ta gona ba ce. Za ka ci karo da leda da guntun bulo da kwalba, wani wurin ma marmara, sai an sa diga. Ka tsince su duka. Ƙasar sama a tara ta gefe guda, ita ce mai rai.

Kafin a mayar da ƙasa, cika ramin da ruwa ka bar shi. In ya tsotse cikin 'yan awoyi, madalla. In har gobe yana nan kwance, wurin ba ya zubar da ruwa, kuma Agusta za ta ruɓar da saiwar gwanda da lemo. A irin wannan wuri a tayar da tudu mai tsawon ƙafa 1 a dasa a samansa.

A gauraya ƙasar sama kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, da toka cikin hannu biyu, a cika ramin a bar shi ya zauna mako biyu ko uku. Ruɓaɓɓe nake nufi, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina zafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, ɗanyen na shanu kuma gara yake kira.

Yin takin a gida ba wuya. A wani lungu mai inuwa a shimfiɗa busasshen ganye ko buntun shinkafa, a ɗora ɓawon kayan miya da kashin akuya ko na tattabaru, a yayyafa ruwa da 'yar ƙasa, a sake wani jerin, har ya kai ƙugu. A rufe da tsohon buhu. Duk mako biyu a juya shi, in ya bushe a ƙara ruwa, ya zama da danshi amma ba ya ɗiga in an matse. Wata biyu zuwa uku ya nuna. Nama da ƙashi da mai kada su shiga. Masu kayan gwari a Yankaba da masu 'ya'yan itace a Na'ibawa kullum suna da ragowar da ta lalace, kuma ita ce abincin wannan tari.

Wata al'ada ce nake so a bari: kwaso baƙar laka daga kwata a zuba wa itace da sunan taki. Ta yi kama da taki, amma ba ka san abin da ya bi ta kanta ba, daga baƙin mai zuwa fasasshen batir. Balle lakar Jakara da Getsi, ko magudanan da ke fitowa daga Bompai da Sharada da Challawa, inda ruwan masana'antu da na jima ke bi, mai ɗauke da ƙarafa masu guba irin su kuromiyam. Haka takin bola, sai an tankaɗe shi an fitar da batir da leda da kwalba.

Ranar dashe

A jira ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Wanda ya dasa a lokacin ya samu wata biyu ko uku sama na yi masa ban ruwa kyauta. Wanda ya bari sai ƙarshen Satumba ya ɗora wa kansa bokiti tun ranar farko.

Da yamma ake dashe. A tsaga ledar da reza, kada a fizgo itacen, don kada ƙasar da ke jikin saiwa ta warwatse. A zaunar da shi daidai zurfin da yake a leda, tabon auren ya tsaya a sama, nesa da ƙasa. Binne wuyan itace na cikin abubuwan da ke kashe lemo. A danna ƙasa da hannu, a zagaye shi da ɗan kwami mai faɗin mita 1, a zuba bokiti guda. A kafa sanda a ɗaure shi da tsumma sakwa-sakwa, domin hadarin Kano daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi. Sannan a rufe kwamin da busasshen ganye, ko ɓawon gyaɗa, ko buntu, kaurin yatsa huɗu, amma a bar tazarar tafin hannu tsakanin rufin da jikin itacen. Wannan rufi shi ke hana rana shanye ruwan da ka zuba.

Gwanda a sa uku a rami ɗaya. In sun yi fure za ka gane su: namiji na fitar da ƙananan furanni da yawa a kan dogon tsinke, mace kuwa babban fure take yi manne da jikinta. A bar mace mafi ƙarfi a sare sauran. Namiji ɗaya ya ishi mata wajen goma, ko da a gidan maƙwabci yake.

Ramin ayaba

Wannan shi ne maganin ruwan wanka, kuma shi ne aikin da ya fi saurin sauya kamannin gida. A wurin da bututun banɗakin wanka ke fita, mita 3 daga gini, a haƙa rami zagayayye mai faɗin mita 1 da rabi zuwa 2, zurfi kamar santimita 70. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin ta zama kunya a zagaye. A cika ramin fal da ƙirare, da busasshen ganye, da kwali, da ɓawon rake, har ya yi tozo. Bakin bututun ya shiga ƙarƙashin wannan tarin. A kan kunyar a dasa 'ya'yan ayaba uku ko huɗu, a tsakaninsu a sa gwanda ko rake.

Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a taɓa ganin ruwa a fili. In ka ga ruwa ya bayyana a sama, ko dai ganyen ya zauna yana son ƙari, ko ruwan ya fi ƙarfin ramin, sai a haƙa na biyu a raba musu. Muddin a rufe yake, babu sauro, babu wari, yaro kuma ba zai faɗa ba. In akwai rijiyar da ake sha a gidan, ramin ya yi nesa da ita da aƙalla mita 15. In filin bai kai ba, a bar wannan dabara, a riƙa raba ruwan da bokiti. Ayaba ba ta son iskar hunturu, tana yayyaga mata ganye, don haka cikin katanga ne wurinta.

Rani na farko

Daga Oktoba aikin gaske ke farawa. Ƙaramin itace na son lita 10 zuwa 20 sau biyu ko uku a mako da hunturu, da bazara kuwa yini ɗaya a ba shi, yini ɗaya a huta. Gara a zuba da yawa lokaci guda ruwan ya nitse, da a riƙa yayyafa kofi ɗaya kullum, wanda ke sa saiwa ta tsaya a sama inda rana ke gasa ta.

Wanda ba ya zama a gida ya nemi tulu, na ƙasa wanda ba a shafa masa komai ba. A binne shi har wuya kamar ƙafa 1 daga gindin itacen, a cika shi da ruwa mai tsabta, a rufe bakinsa da murfi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun gwargwadon bushewar ƙasa, ya ɗauki kwanaki kafin a sake cikawa. Ruwan sabulu yana toshe shi, kada a zuba.

Sai akuya. Babu dashen da ke tsira a Kano ba tare da kariya ba, ko a cikin gida ne, balle gab da babbar salla da kowane gida ke ɗaure da rago. Kwandon kara ba ya wuce wata biyu. Ragar waya mai tsawon mita 1 da rabi a kan turaku uku ta fi, ko a jera bulo a zagaye ana barin ƙofofi don iska. Mai ƙaramin ƙarfi ya kewaye da ƙayar magarya. Kariyar ta tsaya har sai rassan sun fi ƙarfin akuyar da ta miƙe a kan ƙafafunta na baya.

Gara kuwa itacen da ƙishi ya raunana ta fi kamawa. Ruwa a kan kari shi ne rabin maganinta. Sauran rabin: a barbaɗa toka a zagaye, a cusa ganyen darbejiya cikin rufin kwamin, a goge duk hanyar ƙasa da ta fara ginawa a jikin itacen tun tana sabuwa.

In aka fita ƙofar gida

Itacen lungu ya fi na gida wuyar rayuwa, domin na kowa ne, kuma na kowa ba mai ba shi ruwa. Kafin a haƙa rami ko ɗaya a je wurin mai unguwa da liman, a zauna da masu gidajen da abin zai shafa. In bakin babban titi ne a tuntuɓi hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, kada a dasa a inda za a zo a faɗaɗa hanya ko a ja magudana. A ƙarƙashin wayar KEDCO gajerun itatuwa kawai, gwaiba ko rumman ko lemun tsami. In aka sa mangwaro, ranar da ya taɓa waya sare shi za a yi.

Kowane itace a damƙa shi ga gida ɗaya da suna, a rubuta a littafi: na ƙofar gidan wane, wane ne mai ruwansa. Mai shayi, da mai kanti, da mai wankin hula da ke zaune a wurin kullum sun fi kowane kwamiti riƙon amanar itace, domin su za su fara shan inuwar. Inda ba a samu wanda ya karɓa ba, kada a dasa.

Masallaci ne wurin da ya fi dacewa a fara. A ce mutum 100 ke salla a cikinsa, kowa ya yi alwala da lita 1, sau biyar a rana, lita 500 ke nan na ruwa kusan mai tsabta ke bin kwata kullum. Bututu ɗaya daga wurin alwala zuwa jerin kwamai da aka rufe da ganye ya isa ya rayar da itatuwa goma ko fiye, muddin ba a haɗa shi da magudanar wurin fitsari ba. Haka makarantun Islamiyya, da bakin famfon burtsatse inda ruwa ke malala yana yin taɓo. Haƙan ramuka a yi shi da gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli da kowa ke gida da safe. Ganyen da aka share a ranar, maimakon a cinna masa wuta, a zuba a gindin itatuwan. Kuɗin ragar waya a tara da karo-karo, ita ce ta fi cin kuɗi, ba dashen ba.

Za a samu mai cewa yara za su riƙa jifa suna fasa masa kwano, ko su tsinke 'ya'yan tun suna ɗanye. Gaskiya ne, za su yi. A sa masu 'ya'ya a harabar masallaci da makaranta inda akwai ido, a bar wa bakin hanya tsamiya da darbejiya. Game da abin da aka tsinka kuwa, hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya yanke magana: duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci daga ciki, sadaka ce a gare shi. Masu tsoron maciji su sani cewa tarin shara da ɓeraye ne ke kawo shi, gindin itacen da ake sharewa ba ya ɓoye komai.

Ɗan haya

Wanda gidan ba nasa ba ya yi nasa a abin da zai iya ɗauka ranar tashi. Rabin duro da aka huda gindinsa yana riƙe lemun tsami mai aure ko rumman. Buhun siminti da aka wanke, ko na shinkafa, yana ɗaukar zogale, yakuwa, alayyafo, kuɓewa da attaruhu. A zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa, sannan ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya a samanta. Abin da ke cikin buhu ya fi na ƙasa saurin bushewa, da bazara sai safe da yamma, kuma a janye shi daga jikin katangar yamma.

Aski da ƙwari

Duk tsiron da ya fito ƙasa da tabon aure a cire shi da zarar an gan shi. Na gindin ne, in aka bar shi zai rinjayi na saman, ka wayi gari da itacen da ba shi ka saya ba. Furen shekarar farko da ta biyu ma a tsinke, ko da rai bai so, don ƙarfin ya tafi ga jiki. Mangwaro in ya kai mita 1 a yanke kansa, a zaɓi rassa uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban a bari. In ya girma, bayan an gama cin 'ya'yan kowace shekara a rage masa tsawo ya tsaya a wajen mita 4, inda gora ke kaiwa. Babban mangwaro a rage masa ruwa daga ƙarshen damina har ya yi fure da hunturu, in 'ya'ya sun ƙullu a dawo da ban ruwa. Zogale a sare shi a daidai ƙugu duk lokacin da ya nemi wuce hannu, zai fito da rassa da yawa. Gwanda in ta shekara uku ko huɗu ta yi tsawo, 'ya'yanta sun ƙanƙance, a tanadi wata a gefenta tun kafin lokacin.

Tsutsar da ake tararwa a cikin gwaiba da mangwaro daga wani ƙuda take, wanda ke huda ɗan itacen ya saka ƙwai. Ɗan ya faɗo, tsutsar ta shiga ƙasa, ta fito ƙuda, ta koma sama. A katse mata hanya: kullum a tsince waɗanda suka faɗo, a ɗaure su a baƙar leda a ajiye a rana kwana biyu ko uku, ko a binne su zurfin santimita 50. Wannan ma sai maƙwabta sun yi tare, domin ƙudan bai san katanga ba. Farin ƙwaro mai kama da auduga da ke addabar gwanda da gwaiba, a daka 'ya'yan darbejiya cikin hannu biyu, a jiƙa a lita 10 na ruwa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa a bayan ganye da yamma, a maimaita bayan mako guda. Kauci in ya kama reshe a sare reshen daga ƙasa da inda ya manne, kafin ya yi 'ya'yan da tsuntsaye za su kai wa itacen gaba.